Mai Dum-dum a Baya

Zuwa ga Zulaihatu, sanyin idona, dabinon Dutse mai zuba zuma, ruwan farkon damina, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take! Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna. Ni kam lafiyar jiki ce kawai, don tun bikin Jahun ban ƙara sanin daɗin tuwo ba.

Kin tuna ranar da kika fara jin mu? Muna gindin darbejiyar nan ta Limawa bayan an tashi daga ofis, mu huɗu mun kewaye rediyon Bot, abokin aikinmu ɗan Jos, muna koyon du-wop daga tsohon kaset ɗinsa, waƙar da baƙaƙen Amurka suke yi a bakin titi, ba ganga ba garaya, sai baki da tafi. Hashimu ke jan baiti da siririyar muryarsa, Bot da Elnathan suna amshi, ni kuwa da Allah ya ba maƙogwaro kamar rijiya, aka ce in koma baya in riƙa yin "dum, dum, du-wa". Kina dawowa daga Islamiyya kika tsaya, kika rufe baki da mayafi kina dariya. Kika ce muryata ta kwaɗon damina ce, amma a ƙirji kike jin ta, ba a kunne ba. Wayyo Zulai! Da maganar nan nake kwana, da ita nake tashi.

Tun da shari'a ta zo, masu biki suka fara jin nauyin kiran makaɗa, sai kasuwarmu ta buɗe, tunda mu kiɗanmu a baki yake. Muna da wata al'ada da ba ki sani ba: a baitin ƙarshe mai jan baiti yakan saka sunan wata budurwa da ɗayanmu ya raɗa masa, kyauta gare ta. Da na hango ki cikin mata a Jahun, ni na raɗa wa Hashimu sunanki. Ni fa! Da bakina! To yaya zan faɗe shi da kaina, alhali rabona a waƙar babu kalma ko ɗaya? Gogan ya lumshe ido, ya dafa ƙirji, ya ja sunanki har mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa ina bayansa ina ta dum-dum kamar turmi, ina ƙara wa muryarsa armashi. Da hannuna na kafa masa tsani ya hau dabinona.

Sai kika yi murmushi, kuma ba ni kika yi wa ba. Kika aiko wa Hashimu da hankici ya share gumi. Ni ba na gumi ne, ya hasken raina? Wa ya kai mai muryar ƙasa gumi? Yanzu duk Limawa cewa ake Hashimu na neman ki, har an ce Inna ta tambayi ɗan gidan wane ne. Shi kuma bai musa ba, in an tsokane shi sai ya gyara hula. Hankicin yana leƙowa daga aljihunsa har a ofis, ga teburinsa yana kallon nawa. Wallahi kishi nake, Zulai, kishi mai ɗaci kamar maɗaci, ban iya ɓoye shi ba, ba kuma zan koya ba.

Muryarsa da daɗi, ban yi gardama ba. Amma sunan 'yan mata nawa ya ja da ita daga Kiyawa zuwa Jahun, kowacce da irin wannan lumshe idon? Ni tun da muka fara waƙa suna ɗaya na taɓa raɗawa, shi ne naki.

Ranar Asabar muna da biki a Kiyawa, na kuma san za ki raka ƙawarki Hindatu. Ga abin da na ƙudura. In an kai baitin ƙarshe, zan yi shiru. Ban taɓa yin haka ba. Bot zai harare ni, waƙar za ta zama kamar rumfar da aka zare wa ginshiƙi, mai yiwuwa ma su sallame ni. Ban damu ba, ke kaɗai zan zuba wa ido. In kika ci gaba da kallon Hashimu, ba ki ji wani abu ya ɓace ba, to na samu amsata, zan haɗiye ta komai ɗacinta, ba zan ƙara damun ki ba. In kuwa ƙirjin nan naki ya ji shirun, don Allah ki ɗago ido ki nemo ni a baya, gefen hagu, inda na saba tsayawa. Kallo ɗaya ya ishe ni, washegari kawuna zai zo gaban Baba.

Naki har numfashina na ƙarshe, ko kin duba ko ba ki duba ba,

Aji