Batta ta koma ta kanumfari

Daren Talata, watan azumin tsofaffi

Rubuta yadda nic ce, Hadiza ɗiyata. Yau ga gidan likita na Tibiri, lokotoro ta leƙa bakina, tag ga hwarin tabo ga dasashi, tad daɗe tana duba shi. Duban nan ya hana ni cin tuwo. Tac ce in bar garin taba. Nic ce, wa ka biyan ki ki raba ni da gadon uwata? Tac ce gwamnati, wai har da lampon taba, harajin da ake ɗora mata. Ashe da bakina nike ciyar da mai yi mini hwaɗa!

Tsoro nike ji, rubuta shi. Amma na zubar da garin, na cika batta da kanumfari. Daga gobe gwamnati ta nemi wani mai biya.