Muryar Babanki Ta Tsallaka Ba Fasfo

Zuwa ga autata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona mai ƙin wanka. Mu nan sai godiya, gwiwa ce dai take tuna mini shekaruna.

Wayar marigayi babanki ta faɗa bokitin wanki, ta mutu. Kin san bai iya rubutun boko ba. In ya auna mutum a shagon ɗinki sai ya faɗa wa wayar: sunan mai kaya, kafaɗa kaza, ƙugu kaza. Tun rasuwarsa a nan nake jin muryarsa. Mai gyara ya ce muryar ba ta ɓace ba, kamfanin ya daɗe yana kwashe ta zuwa ma'ajiyarsa, wai kuma a ƙasar da kike. Ki ji ikon Allah, bawan Allahn da aka hana biza ya zo ganinki, ashe muryarsa ta tsallaka ba fasfo.

Yayanki ya ce in shiga ma'ajiyar a matsayin ni ce babanku, a wuce wurin. Na ce ban yi masa ƙarya yana raye ba, ba zan yi da sunansa yana kabari ba. Takardar gado ta alƙalinmu kuwa 'yan kamfanin sun ce ba ta aiki a can. Ki daure ki bi mini kotunsu.

Mahaifiyarki.

Autata,

Bayan gaisuwa da addu'a, saƙonki ya iso. Kin ce lauyar ta ce tunda akwai sunayen mutane da awonsu, ko masu su su yarda, ko a goge duka. Gaskiyarta. Kunya ta kama ni, awon matan unguwa yana ƙasar waje ba da saninsu ba. Na yi niyya ko mutum ɗaya ya ƙi, a goge, in haƙura.

Na bi gida gida ina roƙo. Maƙwabciyarmu mai bakin nan na bari a ƙarshe, don kin san rigimarta da babanki kan wuyan riga. Da na gama bayani sai ta ce, "Wancan ƙugun ya daɗe da barina. In sun gan shi a can, su dawo mini da abina." Ta dangwala yatsa a takardar yarda, ta juya tana share ido.

Mahaifiyarki.

Autata,

Ina gaishe ku duka. Muryar ta iso gida, Allah ya yi miki albarka. Yanzu ki sa kamfanin ya goge ta wurinsa, amanar mutane ta daɗe a waje.

Yayanki ya kunna mini ta farko. Babanki ya yi ɗan tarin nan nasa, ya faɗi kafaɗa, ya faɗi hannu, sai ya ɗaga murya ya ce in miƙo masa almakashi.

Na kai bakin ƙofa kafin in tuna.

Taki mai yi miki addu'a kullum,
Mahaifiyarki.