Tofin da na yi wa ƙanena

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni dattijo ne a Gwammaja, na haura saba'in. Fatauci ya kai ni Sudan da Saudiyya da Indiya, ina jin Larabci da Turanci, shi ya sa da za a yi wa ƙanena dashen ƙoda a Indiya ni na raka shi na zama tafinta. 'Yarsa ta fari ce ta ba shi ƙodarta. Da bakina na fassara masa maganar likita, cewa magungunan da zai sha har ƙarshen ransa suna kwantar da garkuwar jiki, murar da wani zai warke a kwana uku shi tana iya kai shi kabari. A can ko matar mutum sai ta rufe hanci take shiga ɗakinsa. A nan kuwa wa zai tare babban wa a bakin ƙofa?

Da korona ta shigo, 'yar ta hana kowa ganinsa. Ni kuwa kullum ina wajen jana'iza, ina gaisawa da jama'a hannu da hannu. Na fara tari, na daina jin ƙanshin turarena, na ce mura ce, ban gaya wa kowa ba. Wata Juma'a ya kira ni yana so in yi masa tofi kamar yadda na saba tun yana ƙarami. Na tarar ta fita karɓo masa magani. Na cire takunkumi, don ina aka taɓa tofi da rufaffen baki? Na karanta, na tofa masa a fuska da ƙirji sau uku. Ya ce kar in gaya mata, faɗa za ta yi.

Bayan kwana shida numfashi ya gagare shi. A asibiti aka rage masa maganin dashen don jikinsa ya yaƙi cutar. Ya tsira da ransa, ƙodar ta mutu. Yanzu ya koma wankin ƙoda, likitoci sun ce jikinsa ba zai ɗauki wani dashen ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ba.

'Yar kuwa ta ɗora wa kanta laifin, ta rame, ko abinci ba ta ci. Jiya ta rako ni soro ta durƙusa ta ce, "Baffa, ni kaɗai ke fita a gidan nan, ni na kwaso masa. Na kasa haɗa ido da shi. Ka roƙar mini Abba ya yafe mini." Na ce to.

Idan na faɗa, ƙodar ba za ta dawo ba, ita kuma ba za ta sake kallona ba. Idan na yi shiru, ina ji ina gani baƙin ciki zai cinye ta. Gobe tana jiran in kawo mata amsar mahaifinta. Jama'a, me zan yi da yarinyar nan?