Darbejiyoyin Hanyar Boda

Daren Talata, Jibiya

Alhamdu lillahi. Shekara biyu ina kai 'yata Hadiza ruƙiyya, don duk sanda muka ratsa layin darbejiyar hanyar boda da la'asar, sai idonta ya kafe, ta daina gani. Innata ta rantse iskokan wurin ne.

Yau a Katsina likita ya manna mata wayoyi a kai, ya riƙa walƙa mata fitila, layukan na'ura suna tsalle. Ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwa tana da nata kiɗan. Hasken rana da ke giftawa tsakanin itatuwa ke rikita shi." Ya rubuta magani, ya ce ta riƙa rufe ido ɗaya.

Da yamma na bi da ita ta wurin. Hannunta a kan ido ɗaya, tana ƙirga itatuwan: "Baba, ashirin da uku!" Ni ne hawaye suka hana gani.