Baffa Ya Zo Ba da Haƙuri

Bauchi, Litinin

Maigidana Abdulhamid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kuma karatun Zariya bai ramar da kai ba. Mu da yara lafiya lau, sai kewarka.

Akwai magana. Ka san wa'adina na shugabancin tsangaya ya cika, dokar jami'a kuma ba ta bari a zarce zango biyu. Malamai sun kaɗa ƙuri'a, Dakta Juliana Luke ta ci, har da ƙuri'ata. Na mayar da motar ofis, na koma hawa Keke Napep, barcina har da minshari.

To, ashe wani ɗan garinmu Zungur ya hango ni a Keken, ya kai wa Baffa Yero labari cewa an tuɓe 'yarsa. Na kira shi, na yi bayani har bakina ya bushe. Shi a saninsa mutuwa ce ko laifi ke raba mutum da kujera, don haka wai ɓoye masa nake yi. Ya rantse zai taho da dattawa da bijimi su ba shugaban jami'a haƙuri.

Dariya nake yi, amma wallahi abin ya dame ni. Mahaifina da furfurarsa ya durƙusa gaban sa'an ɗansa a kan laifin da babu shi? Wannan ba zan iya gani ba. Don Allah ka kira shi, ya fi jin maganarka.

Ka gaida abokan karatu.

Taka,
Sa'adiyya

Bauchi, Juma'a

Maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya karatu? Na gode da kiran da ka yi masa, sai dai bai yi amfani ba.

Jiya, ranar miƙa aiki, sai ga su a akori-kura, dattawa a gaba, bijimi a baya. Masu gadi suka ɗauka na gonar koyarwa ne, suka tura su can. Wannan ɓatan hanya ya cece ni, domin kafin su gano ofishin shugaban jami'a, Juliana ta tare su. Da Fulatancinta na 'yar Tafawa Ɓalewa, rabi daidai rabi Allah ya kyauta, ta ja su zauren taro, ta zaunar da su a sahun gaba.

Baffa ya ga na miƙa mata makullai, ya ga furofesoshi sun miƙe suna tafa min. Shugaban jami'a ma ya faɗa a jawabinsa cewa nasa wa'adin baɗi zai ƙare, ya koma aji. Nan Baffa ya girgiza kai, tausayin mutumin ya kama shi. Da aka tashi, shi ya je yana ba shi baki, wai ya yi haƙuri, haka duniya take. Bijimin kuwa Baffa ya koma da abinsa, tunda ba a yi laifi ba.

Da na raka su bakin mota, ya riƙe ni da tambaya, ko yanzu tarurruka sun ƙare. Na ce sun ƙare. Sai ya juya yana gaya wa dattawan cewa ashe ba ƙwace wa 'yarsa komai aka yi ba, shi aka dawo wa da ita. Abdulhamid, hawaye suka zubo min a gaban ɗalibaina, ban ma damu ba.

Gobe da sassafe ni da yara muna Zungur.

Allah ya dawo min da kai lafiya.

Matarka,
Sa'adiyya