Tsumagiyar Yaya Delu

Juma'a, 8 Afrilu 1960
Yau aka yi sadakar arba'in ɗin yarona. Yaya Delu, wadda muke ciki ɗaya, ta zo da masa, ta sha kuka. Ban taɓa masarta ba.

Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, kuma da aka yaye shi ita aka ba riƙo. Sha-raɓarsa ta cika tim kamar ta ɗan kokawa, amma in ya faɗi sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kafin ya miƙe. Ita kuwa sai ta ce, "Wanga ƙato? Raggo na!" Sai tsumagiya. A gabana. Kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki, har ranar da ƙafar ta ƙi tashi sam.

Litinin, 11 Afrilu
Ban yafe ba. Allah Ya ɗanɗana mata.

Laraba, 18 Mayu
Na kasa manta maganar likitan asibiti. Wai tsokar ce ke mutuwa a hankali, cikar da muke gani kitse ne, ba ƙarfi ba. Ba magani. Wai ta jinin uwa ciwon ke bi, maza yake kamawa. Na gaya wa Yaya a lokacin, ta ce zancen Nasara ne. Shekara da shekaru tana dukan marar lafiya, ko "yi haƙuri" ba ta ce mini ba.

Asabar, 2 Yuli
Suna a Ƙofar Rini, dole muka haɗu da Yaya. Autanta Mode yana wasa a tsakar gida, ya faɗi. Ya dafa ƙasa. Ya dafa gwiwa. Ya dafa cinya.
Na ga ƙafar. Tim.
Ba wanda ya lura sai ni. Allah Ya gafarta mini, wani sanyi na ji a raina.

Lahadi, 3 Yuli
Ba zan faɗa ba. Ta gano da kanta, bayan ta gama dukansa, yadda za ta fi jin zafin.

Alhamis, 25 Agusta
Kulu maƙwabciyarsu ta ce Mode ba ya iya tsallake dokin ƙofa, uwar tana ta faɗa. Na ce, "Ina ruwana?" Amma tuwon dare a kwano na bar shi.

Asabar, 1 Oktoba
Gari ya cika da kiɗa, wai an samu 'yancin kai. Yara sun wuce da 'yan tutoci a guje. Ban ga Mode cikinsu ba. Ba nemansa na yi ba, ban dai gan shi ba.

Talata, 4 Oktoba
Na je mayar mata da kwanon masar nan da ya daɗe a ɗakina. Kwano kawai ya kai ni.

Na iske yaron a ƙasa bakin randa, ita a tsaye kansa. Tsumagiyar nan ce dai, na san ta. Ban san sa'ad da na riƙe hannunta ba. Na ce, "Yaya, dubi yadda yake tashi. Haka Tukur ke tashi."

Na faɗi sunan. A bainar mutane.

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, "Zainaba, mi za ni yi?" Abin da na roƙa ke nan, kuma ban ji daɗin komai ba.

Na karya tsumagiyar na sa a murhu. Ban yafe mata ba. Gobe dai zan koma da man shanu, ba ta iya murza masa ƙafa yadda ba zai ji zafi ba.