Dariyar Mama Kafin Baiti na Biyu

Tuzla, 4 ga Maris

Ƙanwata Enisa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, ya kuma sanyin Graz?

Kaset ɗin waƙar da marigayiya Mama ta rera ya tsinke. Ranar Talata rediyo ya cinye zaren, na zauna da fensir da gam ina ta haɗi har la'asar ta kusa kuɓuce mini, bai haɗu ba. Kin san tun da mantuwa ta kama mahaifinmu Babo ba ya karɓar cokali sai an sa masa waƙar nan. Wuri ɗaya yake jira, gab da baiti na biyu, inda yatsansa ya zame a kan akodiyon, abin kiɗan da yake yi mata rakiya da shi, Mama ta yi 'yar dariya. Da ya ji sai ya ce, "To Razija, yi ta yi," ya buɗe baki.

Na sa masa sabuwar da kika sa aka gyara, wadda ake rawa da ita a gidajen biki. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wace yarinya ce wannan take sauri kamar bas zai bar ta?" Yau kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa sai shayi.

Don Allah ki aiko da tef ɗin asali da kika tafi da shi.

Yayarki,
Mirsada

Graz, 9 ga Maris

Malama Mirsada,

Wa alaikumus salam. Ke da Babo kun cika rigima! Tsohuwar waƙar nan fa ƙara take kamar ana suyar albasa, gangar kuwa sai ka ce murfin tukunya. A sabuwar, muryar Mama tas. Shekara arba'in ba wanda ya tuna da ita, yanzu har direban tasi na ji yana rera ta. Ki ƙara masa sauti, kunne ne ya yi masa nauyi. Ki kuma yi masa pita, gasasshiyar fulawar nan mai dankali a ciki, ba ya ƙinta.

Ki sumbatar mini hannunsa.

Enisa

Tuzla, 14 ga Maris

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Na saurari sabuwar sau bakwai, don kada in zalunce ki. Gaskiyarki, muryar ta fito fes, har na ji kalmar da ban taɓa ganewa ba. Amma an ɗaga ta, an hanzarta ta, an cire akodiyon Babo an sa na inji, wanda ba ya kuskure. Dariyar kuma babu ita.

Na yi pitar, kyanwar maƙwabta ce ta ci. Likita ta ce idan aka kai Juma'a a haka sai ƙarin ruwa. Na zaga wajen masu tsofaffin faya-fayai a kasuwa. Wani ya ce, "Hajiya, waɗanda yaƙi bai ƙona ba, mu muka ƙona don jin ɗumi."

Ba ki ce komai game da tef ɗin ba.

Mirsada

Graz, 18 ga Maris

Yaya,

Babu tef. Ya tsufa har zaren ya manne, sai da masu gyaran suka gasa shi a tanda kafin ya juya. Sau ɗaya ya juya, suka kwafe, ya ruɓushe kamar ɓawon pita.

Mai gyaran ya tambaye ni, "Dariyar nan fa, a bari?" Ni na ce a cire. Kin tuna Mama, duk aka zo wurin sai ta rufe fuska ta ce sun kunyata ta a gaban ƙasa baki ɗaya. Na ɗauka gata nake yi mata. Jiya na koma na roƙe su har da kuka, sun ce gyararriyar kawai suka ajiye.

Ki zage ni, Yaya, kada ki yi mini shirun nan naki.

Enisa

Tuzla, 22 ga Maris

Enisa,

Ba zan zage ki ba.

Jiya na sa masa sabuwar, na tsaya bayan kujerarsa. Da aka zo wurin, na yi dariyar da kaina. Na nemi gafarar Allah tun kafin in yi, don ban san ko ƙarya ba ce.

Ya waiwayo ya ce, "Mirsada, me ya ba ki dariya?"

Rabon da ya kira sunana tun bara. Amma bai buɗe baki ya karɓi cokali ba.

Kowa yana cewa ke kika gaji dariyarta. Akwai bas daga Graz ranar Alhamis, ki zo.

Wassalam,
Mirsada